Ƙofar Saman Benen Baba

Daga gida,
Talata, 4 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Ramiz,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sevim da yara. Yaya ciwon bayan naka? Sevim ta ce tun da aka canza maka wurin aiki ka daina ɗaukar kaya masu nauyi, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah ka riƙa shan maganin nan yadda likita ya ce, na san halinka, da ka ji ɗan dama-dama sai ka jefa shi cikin aljihun tebur. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Sanyi ya shigo mana da wuri bana, har mun kunna murhu tun makon jiya. Maigidana Nejdet yana nan yana fama da shagon ɗinkinsa, 'yarmu Gonja ta koma makaranta a birnin Kayseri. Gwaggo Hayriye ta zo ta taya ni yin tarhana, garin miyar nan na hunturu, kafin rana ta yi sanyi, mun shanya ta bushe da kyau, na ƙulle maka rabonka a jakar yadi ko za a samu mai tahowa Jamus. Baba kuma jikinsa ba laifi, yana cin abinci, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, gwiwar nan ce dai take matsa masa. A kansa nake rubuto maka.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina alhali kowace Juma'a muna waya. Dalili biyu ne. Na farko, duk lokacin da ka kira Baba yana manne da ni, kunnensa a jikin wayar, ba damar in ce maka komai sai lafiya lau. Na biyu, maganar ta cukurkuɗe min ta yadda in na ɗauko ta da baki sai in fara daga tsakiya in ɓace. Na haɗo maka da kwafin takardu uku a cikin ambulan ɗin nan. Ka karanta ko kai za ka gane, ni dai wallahi kaina ya kulle.

Bana aka sake yi wa gidajen unguwarmu ƙima, sai harajin gida ya yi tsalle. Ka san Baba da haraji, ranar farko da aka buɗe karɓa yake saka kwat ɗinsa ta zuwa ɗaurin aure ya tafi ya biya. Wannan karon bayan ya dawo na lura sati uku bai taka wurin mahauci ba, kuma ya fara raba ƙwayar maganin hawan jininsa gida biyu da wuƙa. Fanshon masana'antar sukari ai ka san iyakarsa. Ana nan sai abokinsa Shevket mai sanƙo, wanda suke buga dara a gidan shayi, ya ce masa ai shi ne wawan da ya rage a garin nan, tsoho mai cin fansho da ke da gida ɗaya tak ba ya biyan harajin gida, shi kansa rabonsa da biya shekara takwas. Baba ya dawo yana huci. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne shekara takwas suna zama a tebur ɗaya, yana saya wa mutumin nan shayi, bai taɓa buɗe baki ya faɗa masa ba. Kwana biyu bai je dara ba, a na uku ya ce in raka shi ofishin hukumar gari.

A can muka samu wata budurwa mai tabarau, mai kirki ƙwarai. Ta ce gaskiya ne, kuma sharaɗi uku ne: kada mutum ya kasance yana da wata hanyar samu ban da fansho, gidansa ya zama ɗaya, kuma faɗinsa kada ya wuce murabba'in mita ɗari biyu. Na ce a raina, ashe abin da sauƙi haka. Muka cike takarda, Baba ya sa hannu da wannan doguwar sa-hannun tasa. Ta ce tun da takardar gidanmu tsohuwa ce, za a turo mutum ya duba ya auna, shi ke nan. Na dawo gida da murna har na yi halawa na raba wa maƙwabta.

Mai awon ya zo ranar wata Alhamis, ni kuma na raka Gwaggo asibiti, abin da har yau nake cizon yatsa a kai. Ya auna ƙasa, ya sha shayi, ya yi godiya, har ya sa takalmi. To ka san Baba, baƙo ba ya fita gidan nan sai an hau da shi sama. Mai kawo wasiƙu ya hau, liman ya hau, likitan da ya zo duba Inna kafin rasuwarta ma sai da ya hau. Baba ya zaro mukulli daga kan ƙusa, ya ja mutumin nan ta matakalar waje, da gwiwar tasa da komai, ya buɗe masa ƙofarka. Ya nuna masa ɗakin girki da kabad-kabad ɗinsa, ya nuna masa banɗaki da tayil ɗin da aka ɗauko daga Kayseri, ya nuna masa injin wankin da ka kawo a mota shekarar da aka haifi ɗanka Tolga, wanda har yanzu yake cikin ledarsa. Bai tsaya nan ba, sai da ya kai shi ya ga mitar ruwa daban, mitar wuta daban. Ya ce masa gida ne cikakke, ko gishiri matar ɗansa ba sai ta sauko ta roƙa a ƙasa ba. Da na je da yamma Baba yana ta yabon mutumin, wai yaro ne mai tarbiyya, duk abin da ya faɗa masa sai ya rubuta a littafinsa. Ni ma a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Bayan kwana goma takarda ta zo, ita ce ta farko a cikin ambulan. Wai Baba gida biyu gare shi. Ashe a tsohuwar takarda gidanmu hawa ɗaya ne, saman da aka ɗora da kuɗin da ka riƙa aikowa a shekarunka na farko ba a taɓa rubuta shi ba, kamar dai rabin gidajen layinmu. Yanzu an rubuta. Don haka sassauci babu, ga kuma harajin sama an ɗora masa. Mun je neman ragi mun dawo da ninki, Yaya. Baba ya karanta takardar sau uku, ya cire tabarau, ya tambaye ni ina gida na biyun yake, don shi bai san ya mallaki wani gida ba. Da na nuna masa sama da yatsa ya ce in daina shashanci, wannan ai na Ramiz ne.

Tun daga nan nake zarya tsakanin gida da ofishin nan, sau biyar ke nan. Budurwar mai tabarau ta ce abin ba wuya, a raba takardar gida biyu, a sa saman da sunan wani, sai Baba ya koma mai gida ɗaya. Ta ce in sunanka za a sa, sai ka zo da kanka ko ka aiko da takardar wakilci daga ofishin jakadanci. Da muka koma sati na gaba ba ta nan, sai wani mai gashin baki a tebur na kusa. Shi ya ce sam, ba a raba abin da aka gina ba da izini ba, wa ya faɗa mana haka? Na nuna masa kujerar da ke gefensa, ya ce oho. A cewarsa hanya ɗaya ce, a mayar da gidan ya zama ɗaya da gaske: a toshe ƙofar waje ta sama da bulo, a fasa matakala ta ciki, a cire mitar ruwa da ta wuta na sama da ɗakin girki ɗaya. Na ce to in an haɗe su ai faɗin zai ƙaru, ya ce wannan kuma sai an auna. Nejdet ya ɗauko tef ɗinsa na awon yadi, muka wuni muna rarrafe a ƙasa, ni ina riƙe da bakin tef ɗin shi yana lissafi. In ba a sa baranda ba ɗari da casa'in da shida ne, in an sa ɗari biyu da bakwai. Lissafin nasa shi ne takarda ta biyu a ambulan. Mai gashin baki ya ce ba a lissafa baranda. Budurwar da ta dawo ta ce ana lissafawa in tana da rufi. Tamu rabinta ke da rufi. Mai unguwa Dursun ya ce mu zuba 'yan haya a sama mu biya harajin da kuɗin hayar, na ce ai in kuɗin haya ya shigo sharaɗin farko ya rushe, ya ce au, haka ne fa, ya ci gaba da shan shayinsa. Shevket kuwa, wanda ya jawo mana duk wannan, cewa ya yi laifin Baba ne, wa ya aike shi yawon nuna gida.

Akwai abin da ya faru a zuwanmu na farko bayan isowar takardar da ban faɗa wa kowa ba, ko Nejdet. Da budurwar nan take bayanin raba takarda, sai ta ce ai ba dole sai ɗan da ke Jamus ba, ga 'yarsa nan zaune, ya sa sunanta mana, yau-yau sai a fara aikin. Baba ya juyo ya dube ni kamar ranar ya fara ganina, sannan ya mayar da kansa wurinta ya ce a ci gaba da maganar Ramiz. Ba da mugunta ya yi ba, na sani, abin ne kawai bai taɓa ratsa kansa ba. Amma Yaya, shekara ashirin da biyu muna gidan haya ni da Nejdet, kuma ni ce nake hawa saman nan duk wata in buɗe tagogi, in kaɗe zannuwan da aka lulluɓe kujeru da su, in sake lulluɓewa. Na ji haushi, na kuma ji kunyar jin haushin. Ban ce ina son saman ba, ban ma san ko ina so ba. Na dai faɗa maka ne don ya daina cina ni kaɗai.

A zuwa na biyar na yi tsaye na ce sai mun ga shugaban sashen, don na gaji da a ce min gabas yau gobe a ce yamma. Dattijo ne, ya kusa ritaya shi ma. Ya zaunar da Baba, ya sa aka kawo shayi, ya duba takardun a natse. Sannan ya tambayi Baba wa ke zaune a saman. Baba ya ce ɗansa. Ya ce to yana ina yanzu?

Baba ya ce, “Ya tafi aiki.”

Mutumin ya ce madalla, yaushe zai dawo, ko da yamma ne ya zo su gana? Baba ya hau juya cokali a cikin shayi, ni ce dai daga ƙarshe na ce shekara talatin da ɗaya ke nan da tafiyar. Dattijon bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya jawo takarda ya rubuta mana da hannunsa, ita ce ta uku a ambulan, cewa kafin ƙarshen watan nan a kawo masa ɗaya daga cikin biyu: ko takardar wakilci daga wurinka cewa ka karɓi saman da sunanka, shi zai san yadda zai yi da maganar izinin gini, ko kuma hoton ƙofar a toshe, shi kuma zai kawar da kai daga baranda. In ba ko ɗaya, haraji biyu ya zauna. Ko abin da ya faɗa shi ne doka, ko tausayi ne ya sa, ni ban sani ba, kuma ban tambaya ba don kada ya canza.

Yanzu na zo inda na fi jin nauyi. Ka tuna abin da ka faɗa min a tashar mota bayan bakwai ɗin Inna, shekara uku ke nan? Ka ce kun sayi gida a can, Tolga da Aylin ba za su iya zaman nan ba, kai ma jikinka ya saba da likitocin can, dawowa dai babu. Ka ce kada in faɗa wa Baba, kai za ka faɗa masa da kanka in lokaci ya yi. Na riƙe maka, Allah shaida. Shekara uku ina kallonsa yana hawa sama da hunturu yana kunna hita don kada bututun ruwanka ya daskare, daga cikin fanshon nan nasa, ina haɗiye maganar. Da dattijon ya ambaci takardar wakilci sai na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, Yaya zai aiko da takarda, ya riƙa biyan harajin sama, Baba ya samu sassaucinsa, ya ci gaba da jiransa, kowa ya huta. A hanyar dawowa har ina lissafin kwana nawa wasiƙa take yi daga Jamus. Daga baya kuma sai na ji kamar ina shirya yadda za mu ci gaba da yaudarar tsoho da hatimin hukuma a kai. Har yanzu ban san wanne ne daidai ba.

Ashe Baba ya riga ni. Shekaranjiya da na je kai masa abincin rana sai na tarar da bulo a jibge a tsakar gida, gindin matakala, da buhun siminti biyu an lulluɓe da leda. Shi kuma yana zaune a kan bulon da carbinsa. Ya kira Bekir magini ba tare da ya shawarci kowa ba, Bekir ya ce in za a yi a yi kafin ashirin ga wata, don da zarar ƙanƙara ta fara sauka siminti ba zai kama ba. Ka san ƙofar nan Baba da kansa ya dage a kanta lokacin ginin. Inna ta so a yi matakala ta ciki don a rage kuɗi, ya ce a'a, matar ɗansa da ƙofarta za ta shiga, ba za ta riƙa ratsa falon uwar miji da kayan cefanenta ba. Shi ya sa da na ga bulon na san abin ba ƙarami ba ne. Na ce masa Baba me ya yi zafi, ai Yaya zai aiko da takarda, ba sai an toshe komai ba. Ya ce in ajiye kwanon in zauna.

Ya ce, “Takarda ta ishi hukuma, Feride. Ni ba ta ishe ni ba. Ki rubuta masa. In zai dawo ya zauna, ya aiko da ita, in mayar wa Bekir bulonsa. In ba zai dawo ba kada ya wahalar da kansa zuwa ofishin jakadanci.”

Na fara kame-kame, ina cewa ai ka san aiki, ka san yara, wa ya san abin da Allah zai yi nan gaba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi tsoho ne amma bai makance ba, zuwanka uku na ƙarshe ba ka hau saman nan ko sau ɗaya ba, a kujerar falonsa kake kwana, kuma ya ga yadda nake sunkuyar da kai duk lokacin da ya ce in Ramiz ya dawo. Ya ce bai yi fushi da ni ba, ya san amana aka ba ni.

Ya ce, “Na daɗe da sani. So nake in ji daga bakinsa.”

Na zuba masa miyar, ya ci, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. To ga saƙon na isar. Kada ka aiko da kuɗi, ya ce in ka aiko zai mayar, kuma ka san zai aikata. Kada kuma ka ba ni amsar in kai masa, wannan karon ba zan ɗauka ba. Ranar Juma'a in ka kira zan miƙa masa wayar in fita tsakar gida. In wasiƙar nan ba ta riga Juma'ar ba, to ta gaba, ita ce ta ƙarshe kafin Bekir ya zo. Ni ban san abin da zan roƙa maka ba, ko ka ce za ka dawo ko ka ce ba za ka dawo ba. Abin da na sani kawai, kada ka ce masa sai mun gani.

Ka gaishe min da Sevim da kyau, ka ce ina godiya da rigar sanyin da ta aiko wa Gonja, ta yi mata daidai. Ka gaishe da Tolga da amaryarsa, da Aylin, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Nejdet yana gaishe ka, Gwaggo Hayriye ma tana gaishe ka tana sa maka albarka. Na tambayi Baba ko in rubuta gaisuwarsa, ya ce a'a, zai gaishe ka da kansa ranar Juma'a.

Allah ya kiyaye ku, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Feride